Ku bari mai damuwa ya gama magana

'Yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu. Aboki zai zo da damuwarsa, tun bai kai ƙarshen zance ba mun yanke masa hukunci: "Kai dai ka yi haƙuri," ko "Ai kai ka jawo wa kanka." Ya yi shiru, mu kuma mu tashi da jin cewa mun taimaka.

Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam da aka haifa a jihar Illinois ta Amurka a 1902, shi ma haka ya faro. An koya masa cewa gwani shi ke gano ciwo, shi ke faɗin magani. Da wannan tunanin ya yi aiki da yara masu matsala a birnin Rochester. Wata uwa tana kawo masa ƙorafin ɗanta mai ƙiriniya, shi kuma ya dage sai ta gane cewa ita ce ta juya wa yaron baya tun yana ƙarami. Abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, suka yi sallama. Har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo ta tambaye shi ko yana karɓar manya. Ta dawo ta zauna, ta zazzage masa baƙin cikin aurenta, wanda duk bayanansa ba su taɓa shi ba.

Rogers ya gane mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Jami'ar Jihar Ohio daga 1940, sannan Chicago daga 1945, ya riƙa naɗar zamansa da mutane a faifai don a binciki abin da ke taimakawa. A 1957 ya bayyana abin da ake bukata daga mai sauraro: ya zama na gaskiya ba mai fuska biyu ba, ya karɓi mutum ba tare da sharaɗi ba, ya yi ƙoƙarin ganin lamarin da idon mai shi.

Abu na biyun nan ne ke mana wuya, domin mun ɗauka sauraron mai kuskure goyon bayansa ne. Ba haka ba ne. Wanda ka kunyata tun a jimlar farko ba zai faɗa maka ta biyu ba, alhali can ne ciwon yake. Ku ajiye waya, ku maimaita masa abin da kuka fahimta, ku tambaye shi ko haka yake nufi. In kuwa ya ambaci kashe kansa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku raka shi asibiti a ranar.