Yadda Na Zama Ɗan'uwan Dankali a Runjin Sambo

Laifina ne tun farko, domin babu wanda ya tambaye ni. Muna zaune a majalisa bayan sallar isha'i ana gardamar tsadar taki, sai na ce ai tsiro da dabba da inji ɗaya suke aiki, tunda matakai goma da jikin rago yake bi ya farfasa sukari ya sami ƙarfi su ne gero yake bi, kuma inzayim ɗin, wato sinadaran cikin jiki da ke gudanar da aikin, kusan iri ɗaya ne. Tsohon hedimasta ya ce in kawo shaida, na ce gobe.

Gwajin da na zaɓa shi ne wanda nake yi wa ɗalibai duk shekara. Akwai wani inzayim mai suna katales, wanda Oscar Loew ya raɗa wa suna a 1900, aikinsa shi ne ya raba haidurojin ɗin nan na wanke miki ya mayar da shi ruwa da iskar oksijin, shi ya sa ciwo yake kumfa idan an zuba masa. Yana cikin dankalin Turawa, amma a hanta ya fi yawa nesa ba kusa ba. Na sayi kwalba a kemis, na tsinci dankali a Tsohuwar Kasuwa, na kuma ba yaron mai shayi kuɗi na ce ya sayo mini hanta. Ban ce masa ɗanya ba.

Washegari na jera kofunan shayi biyu a kan benci, na yi dogon jawabi wanda har yanzu nake jin kunyarsa. Na bayyana cewa masana sun ce kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce iskar oksijin ta fara yawaita a duniya, ta zo da gubarta, sai ƙananan halittu suka dogara da irin wannan inzayim domin su tsira, kuma tsirrai da dabbobi, waɗanda hanyarsu ta rabu fiye da shekara biliyan 1 baya, duka suna ɗauke da irinsa har yau. Har da ƙarfen da ke tsakiyarsa irin na jini na ambata, ina ɗaga yatsa kamar mai wa'azi. Na zuba wa dankali ruwan, ya yi kumfarsa daidai gwargwado. Sai na ce kowa ya ja da baya, domin ta hanta za ta zubo har ƙasa, mai shayi ma ya janye burodinsa.

A cikin duhu na warware takardar, na ji ƙamshin yaji amma zumuɗi ya hana ni tsayawa, na jefa yanka ɗaya a kofi na tsiyaya ruwan. Shiru. Na ƙara, na girgiza, na haska da fitilar waya, sai ga mai da ƙuli-ƙuli suna yawo a sama. Mutum tara sun miƙo wuya suna kallon kofin, ni kuma gumi yana bin bayana, ina ta cewa a ba shi lokaci, alhali na san katales ba ya buƙatar lokaci, tunda ƙwaya ɗaya takan farfasa miliyoyi a daƙiƙa guda. Yaron wurin mai tsire ya je, kuma wuta tana lalata siffar inzayim yadda ba ya komawa, abin da na sha rubutawa a allo.

Hedimasta ya gyara zama ya ce, "To Malam, wanga bincike naka ya nuna dankalin ga shi ad da rai, ragon kau ba shi da kowa. Kai da dankali ku ka da zumunta, mu ba mu ciki."

Wannan bawan Allah kun san shi. Shi ne ya karɓi tsanina tun kafin damina, kuma duk lokacin da na yi maganarsa sai ya tambaye ni lafiyar iyali. Shekara talatin yana koyarwa, don haka na tabbata ya san abin da wuta take yi wa nama, amma da na fara cewa "Ranka ya daɗe, ai gasassa ce," sai ya ɗaga hannu ya ce mai gwaji ba ya kawo uzuri. Yana faɗin haka yana jawo takardar, ya cinye sauran hantar tas, har ya aika a ƙaro masa albasa a kan kuɗina.

Bayan kwana biyu na zo da ɗanyar hanta daga mahauta, ta yi kumfa har ta jiƙa tabarma, sai dai hedimasta ya tafi ɗaurin aure Wamakko, mai shayi kaɗai ya gani, shi kuma abin da ya dame shi kofinsa. Yanzu yara ma Ɗan'uwan Dankali suke ce mini. Tsanin yana nan a gidansa.