CSS a cikin shafi ko a gefensa: yawan shafuka ne alƙali

Duk manhajar da ke juya rubutun Markdown, reStructuredText ko AsciiDoc (salon rubutu masu alamomi masu sauƙi) zuwa HTML, wato shafin intanet, sai ta yanke shawara kan fayil ɗin CSS, wanda ke tsara haruffa, launi da faɗin layi. Ko ta cusa shi cikin shafin, ko ta nuna wa burauza inda yake. A ganinmu, yawan shafukan da ake fitarwa ne ya kamata ya raba gardama.

In shafi ɗaya ne, a cusa. Mutum zai tura rahoto ta imel ko WhatsApp, kuma fayil ɗin HTML kaɗai zai ɗauka. In adon, wato CSS ɗin, yana wani wuri, wanda ya buɗe zai tarar da rubutu tsirara, tebur ba layi. Shi ya sa manhajojin juya rubutu Docutils da Asciidoctor suka yi daidai da suke cusawa tun farko. A manhajar Pandoc kuwa sai an nemi hakan da umarnin --embed-resources da --standalone, domin --css nuni kawai yake yi.

Da shafuka sun yi yawa, lissafi ya juya. A ce CSS ɗin kilobayit 30 ne, shafuka 200: megabayit 6 ke nan na abu guda da ake maimaitawa, burauza ba za ta adana shi sau ɗaya ba, mai sayen data ne zai biya. Gyaran launi ɗaya ma sai an sake juya komai. Ga kuma saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafuka a intanet, da aka sa wa ƙa'idar tsaro mai tsauri (Content-Security-Policy), wadda ke hana adon da aka cusa aiki.

Sai dai nuni ba tare da kwafi ba tarko ne. A Docutils, --link-stylesheet yana nuna html4css1.css a inda aka girka manhajar a kwamfutar marubuci. A wurinsa komai lafiya lau. Ana ɗora shafin a saba, hanyar ta mutu. Asciidoctor ya fi dabara: da saitin linkcss da copycss, yana ajiye asciidoctor.css kusa da shafin. Sphinx, wata manhajar irin wannan, shi ma yana kwashe nasa zuwa folda mai suna _static. Ya kamata kowace manhaja ta yi haka, da gajeriyar hanya daga shafi zuwa fayil.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne janyo kaya daga intanet a ɓoye. Asciidoctor yana ɗauko haruffansa daga Google Fonts sai an kashe saitin webfonts, don haka shafin da aka ɗauka cikakke ne yana canza kama da zarar sabis ya ɗauke. Kamata ya yi a tambayi marubuci kafin a kunna wannan.