Haƙorin famfara ba ya tsirar da sabuwar laka

Ana yawan cewa a ɓoye haƙorin yaro idan ya yi famfara, wai wata rana zai warkar da wanda lakarsa ta tsinke. Maganar tana da tushe, amma an zuzuta ta.

Idan aka fasa haƙori, a tsakiya akwai wata 'yar tsoka ja mai laushi. A 2000 masu bincike a Amurka suka gano ƙwayoyin tushe a cikinta, wato ƙwayoyin halitta da ke iya rikiɗa zuwa wasu iri. A 2003 ayarin wani mai bincike, Songtao Shi, ya same su a haƙoran yara. Tun a cikin mahaifa, asalinsu ɗaya da wasu ƙwayoyin jijiya, shi ya sa aka sa musu rai.

A 2012 masana a Jami'ar Nagoya ta Japan suka dasa su a ɓerayen da aka yanke wa laka, ƙafafun baya suka ɗan fara motsi. Nan ne ake kuskure. Yawancin aikinsu ba zama sabuwar jijiya ba ne. Sinadarai suke fitarwa da ke rage kumburi, su hana jijiyoyin da suka ji rauni mutuwa. Kuma ɓera ba mutum ba ne. A mutane har yanzu gwaji ake yi, bai zama magani ba.

Haƙorin da ya bushe a gwangwani kuwa, ƙwayoyinsa sun mutu tuntuni. Sai an kai shi ɗakin bincike da wuri, a ciro su, a daskarar da su a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili.