Mai tsara kiɗan natsuwa a Abuja: haƙƙin mallaka ne jarinsa

Duk wanda ya saba shiga manyan otal-otal da gidajen cin abinci na Maitama da Wuse ya san wani irin kiɗa da ke tashi a hankali daga lasifika, babu muryar mawaƙi, babu gangar da za ta sa a miƙe a taka rawa. Ana hira, ana ƙulla ciniki, kiɗan kuma yana sanyaya wurin ba tare da ya katse wa kowa magana ba. Wani ne ya zauna ya tsara shi, kuma sau da yawa ba ɗan ƙasar nan ba ne. Wannan yana damuna, domin matasanmu da suka ƙware a fiyano da kwamfuta suna da yawa, amma galibinsu hanya ɗaya suka sani: a haɗa wa mawaƙi kiɗa, a karɓi kuɗin aiki, a sallami juna.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Tun a 1917 Erik Satie na Faransa ya tsara kiɗan da yake so a ɗauke shi tamkar kayan ɗaki, a 1978 kuma Brian Eno na Ingila ya fitar da faifan da ya yi domin filayen jirgin sama, wanda ya kafa wa wannan fanni sunan da ake kiransa da shi a Turance, wato ambient. Salon da ake sakawa a wuraren shaƙatawa ya bazu ne daga tsibirin Ibiza na Sifen, inda José Padilla, mai saka kiɗa a wani wurin shaƙatawa da ake kira Café del Mar, ya fara fitar da jerin faifai masu ɗauke da sunan wurin a 1994. Buƙatar wuri ce ta haifi kiɗan, kuma irin waɗannan wurare sun cika Abuja.

Matashin da zai bi wannan hanya yawanci a situdiyo yake farawa, yana koyon manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio a hannun wani, daga nan ya samu aikin kiɗan da ke bin bayan fim ko tallar rediyo. Abin da ya kamata ya gane da wuri shi ne, ba za a gayyace shi wasan Sallah ba, ba kuma za a yi masa liƙi a gidan biki ba. Intanet ma ba za ta riƙe shi ita kaɗai ba. Spotify, dandalin sauraron kiɗa ta intanet, ya shigo Nijeriya a 2021, amma daga 2024 kamfanin ya daina biyan ko sisi a kan kiɗan da ba a saurara sau 1,000 cikin shekara ba, ga kuma kiɗe-kiɗen da ƙirƙirarriyar basira ke zubowa kullum.

Saboda haka abincinsa yana cikin lasisi. Kiɗa guda da ya tsara zai iya ba mai shirya fim izinin amfani da shi bana, ya ba kamfanin talla baɗi, otal kuma ya riƙa biya duk shekara, muddin mallakar tana hannunsa. Wanda ya sayar da aikinsa kacokan a kan kuɗin cefanen mako, babu takarda babu shaida, ya sayar da gona ne saboda damin hatsi guda. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare irin wannan aiki, kuma hedikwatar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana nan Abuja. Gaskiya ne doguwar taƙaddamar da aka yi tsakanin ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙin kiɗa guda biyu, MCSN da COSON, a kan wanda zai karɓo wa masu fasaha kuɗinsu ta sanyaya gwiwar mutane da dama, amma hakan bai zama hujjar da otal mai karɓar dubban nairori a kan ɗaki guda zai riƙa saka kiɗan mutane kyauta ba.

Sai batun abin da zai bambanta shi da na waje, kuma a nan nake ganin rabonmu. Idan ya kwaikwayi na Turai, ya shiga kasuwar da aka riga shi cin ta. Amma sautin gurmi, da goge, da sarewar makiyayi, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi, duk suna da sanyin da wannan kiɗa yake nema. Sharaɗin kawai shi ne a ɗauki sautin daga hannun makaɗin da yardarsa, a biya shi, a rubuta sunansa da kasonsa a yarjejeniya, kada zaluncin da ake kuka da shi ya sauka a kan wanda bai iya karanta takarda ba.

Masu otal-otal da wuraren shaƙatawa na Abuja suna kashe kuɗi wajen sayen zane-zane da tukwanen Ushafa domin baƙo ya san a Nijeriya yake. Ya dace su ware wani abu daga wannan kasafi su ba matasan situdiyo kwangilar tsara musu kiɗan sa'a biyu ko uku, da lasisin da za a riƙa sabuntawa kowace shekara.