Gidan da na gyara ta WhatsApp

Sana'ar ba ta da wuyar bayani: ka sayi tsohon gida da araha, ka gyara, ka sayar da riba. Nawa gidan yana wani gari mai nisa, ni kuma ina nan da waya a hannu. Da na ji 'yan kwangila kan ɗora kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a kan kuɗin aiki, sai na ce wannan kason ai nawa ne. Na buɗe zaure a WhatsApp, na zuba mai famfo, mai wayarin, birkila, mai tayil da mai fenti, na naɗa kaina shugaba.

Gyaran gida jeri gare shi. Rufi ake fara yi, sannan a fasa bango a binne bututun ruwa da na wayar lantarki, a cika na ruwan a matsa shi a ga ko zai yi yoyo. Bayan nan filasta, sai tayil, fenti a ƙarshe. A zaurena kuwa, wanda ya riga tashi daga barci shi ke fara aiki.

Mai tayil ne ya riga kowa. Ya turo hoton banɗaki yana ƙyalli, na biya shi nan take har da na goro. Washegari mai famfo ya kira: "Ranka ya daɗe, ta ina ruwan zai shigo? Ko shi ma ta waya za ka turo?" Ya sa guduma. Ƙa'ida ita ce a sayi tayil da rarar kashi 10 cikin 100, kuma duk kwalayen su zama lambar gashi ɗaya, wato tayil ɗin da aka gasa tare, don launi kan ɗan bambanta daga wannan gashi zuwa wancan. Namu an saye shi cif-cif. Aka ciko da sabo, bango ya fito rabi fari, rabi mai tunanin zama fari.

Daɓen banɗaki yana son gangaren kamar santimita 2 a kowace mita zuwa magudana, kuma kafin a shimfiɗa tayil sai an shafa maganin hana ruwa ratsawa, a toshe magudanar, a tara ruwa awa 24 a gani. Hoto ba ya nuna ko ɗaya daga ciki. Ranar da na ce a kira ni ta bidiyo a zuba bokiti guda, ruwan ya iso bakin magudana, ya wuce ta ko gaisuwa babu, ya fita ta ƙofa ya nufi falo.

Sabuwar filastar siminti tana bukatar kusan kwana 28 kafin fenti. Mai fenti bai jira ba, don yana da wani aikin. Bango ya yi ƙuraje, ya fara saɓa. Mai fenti ya ce laifin birkila ne, birkila ya ce yoyon mai famfo ne, mai famfo ya fice daga zauren. Duk wannan, kuɗin ruwan bashi da inshora da haraji ba su san ana rigima ba, tafiya kawai suke.

Wanda gidansa ke kusa, yana iya leƙawa kullum, zai iya riƙe masu aiki da kansa. Daga nesa kuwa, abin da kake saya wurin ɗan kwangila shi ne jerin aiki da wuya guda da za ka riƙe. Shi ma ba a sakar masa: a rubuta aikin ɗaki-ɗaki, kafin alƙalami kaɗan, biya mataki-mataki bayan wani da ba yaronsa ba ya je ya duba, a riƙe kashi 10 cikin 100 sai an gama gyare-gyaren ƙarshe.

Ɗan kwangilar da na ɗauka daga baya ya zagaya gidan da ni ta bidiyo, ya daɗe shiru a banɗaki. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya kula da aikin nan a baya?"

Na ce, "Wani ne. Mun rabu."