Ƙannena masu farar riga, a kula da waya

Ƙannena ɗaliban likitanci na Garwa, da ku da ake turawa koyon aiki a asibitocin Marwa da Ngaundere, ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo daga ƙauye da ciwon nono wanda ya riga ya ci jiki. Ta daɗe tana ɓoye shi, ko mijinta bai san iyakarsa ba. Da ƙyar da lallashi ta yarda ta sauke mayafi. Ban ankara ba sai ga wani ɗalibi ya zaro waya daga aljihu ya ɗauki hoto. Da na ja shi baranda, sai ya ce, "Yaya, ai fuskarta ba ta fito ba, kuma 'yan ajinmu kawai zan tura wa a WhatsApp." To, lallen hannunta ya fito, zanenta ya fito, ga katinta da suna ɓaro-ɓaro a gefen gado. A garuruwan nan namu wa bai san wani ba? Hoton da ya shiga wayoyi arba'in kuwa ya fi ƙarfin mai shi.

Na san sai kun cika shekara bakwai za ku ɗaga hannu ku yi rantsuwa. Amma amanar tana hawa wuyanku tun ranar da mara lafiya ya kalle ku ya ce "dokta". Ƙa'idojin ɗa'ar likitoci na Kamaru, waɗanda aka kafa a 1983, sun wajabta riƙe sirri: abin da aka faɗa maka, da abin da idonka ya gani. Dokar 1990 kuma ta ɗora wa majalisar likitoci ta ƙasa, ONMC, sa ido kan wannan sana'a. Sai sunanka ya shiga rajistarta za ka duba mara lafiya, tana kuma da ikon yi maka gargaɗi, ta dakatar da kai, ko ta soke sunan gaba ɗaya.

Akwai wata ƙofar da sirri ke zurarewa wadda ta fi damuna, ita ce tafinta. Karatunku da Faransanci ne, yawancin masu zuwa kuwa Fulatanci ko Hausa suke ji. Sai a yafito ɗan rakiya a ce ya fassara. Haka mace za ta ji sakamakon gwajin ƙanjamau daga bakin ƙanin mijinta, kafin la'asar labari ya riga ta isa gida. Don Allah ku fara tambayarta wa ta yarda ya ji. In ba ta aminta da kowa ba, ku nemo ma'aikaciyar jinya mai jin yaren, ku ja labule, ku sassauta murya.

Shi dai ɗalibin nan ya goge hoton a gabana. Na ce ya koma ya nemi gafararta, ya tsaya jim yana kallon ƙasa, sannan ya tambaye ni yadda ake cewa "ki yafe mini" da Fulatanci.