Tsadar harsashin farauta: An bar jaki ana dukan taiki

Kawuna, Allah ya jiƙansa, maharbi ne a ƙasar Alƙaleri. Yana da bindiga mai baki biyu, da takardarta da yake naɗewa cikin leda ya ɓoye a ƙasan adaka. Da an gama girbi, ciyawa ta bushe, sai ya shiga Bauchi ya dawo da kwalin harsashi, guda 25 a ciki, jajaye, ya jera su a kan tabarma yana ƙirgawa kamar mai ƙirga kuɗin sadaki. Da wannan kwali yake korar gwaggon biri da gadu daga gona, ya kawo mana zabin daji da fakara. Yau 'ya'yansa da suka gaji sana'ar ɗaiɗai suke saye, a ɓoye, a hannun mutumin da ba su san inda ya samo ba. Wani lokaci a danna kunama, bindiga ta yi shiru.

Harsashin bindigar farauta ba abin da maƙerin ƙauye zai haɗa ba ne. Akwai kwanson roba, da gindin ƙarfe, da ɗan maɓallin da ke tayar da wuta, da albarushin masana'anta, da ƙwayoyin dalma. Mafi yawan wanda ke hannun maharbanmu daga waje ya shigo, kuma da dala aka sayo shi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa watan Fabrairun 2024 ta haye 1,500. Ko babu wani dalili, wannan kaɗai ya isa ya raba talaka da kwali.

Can waje ma kasuwar ba ta zauna lafiya ba. A 2020, lokacin korona, Amurkawa suka yi rububin sayen bindigogi, kamfanin Remington mai ƙera bindigogi da harsashi ya durƙushe a shekarar, kantunan harsashi suka yi fayau har cikin 2021. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya ja albarushi zuwa masana'antun soja. A 2024 kuma Chaina ta taƙaita fitar da antimoni, ma'adinin da ake gauraya wa dalma don ta yi tauri. Masu harbin faifan yumɓu don wasa, waɗanda ke harbin faifai 25 a zagaye ɗaya, sun ji jiki, wasunsu suka rage atisaye. Mu nan wannan wasa bai dame mu ba. Wanda ke neman guda biyar ya tsare gonarsa ba zai tausaya wa mai ƙona ɗari a yini don nishaɗi ba.

Amma a ganina, ba dala ko Yukiren ne babban dalili ba. Ƙofar halal aka rufe a gida. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu da ita ake aiki, ta raba bindigogi kashi uku: na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, irin na farauta masu cin harsashi, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, da na toka, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da hurumi a kansu. Dokar ta kuma tanadi dillalai masu rajista. Wato ita kanta ta san da maharbi, ta kuma yanka masa hanya. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. To, ka zaga kasuwar Wunti ko Muda Lawal ka nemi shagon da za ka nuna takardarka, a sayar maka, a ba ka rasit. In ka samu, ka zo ka ba ni labari.

Buƙata kuwa ba ta mutu ba, hanya ta sake. A watan Yulin 2024 hukumar kwastam ta nuna bindigogi 844 da harsasai 112,500 da ta kama a tashar jiragen ruwa ta Onne, cikin kwantena daga Turkiyya. Kwantena ɗaya ke nan, wadda aka kama. Kasuwar da aka ƙwace daga hannun dillali mai rajista ta faɗa hannun ɗan sumoga, shi kuwa ba ya tambayar takarda, ba ya rubuta suna, wanda ya fi tsoka a aljihu yake sayar wa.

Abin da ke biyo baya a ƙauye shi ne abin da masu zama a ofis ba sa gani. Maharbi ya tsinci tsohon kwanso, ya cusa masa albarushin gida da kan ashana, ya yanka ƙusa ya zuba a madadin dalma. Wani ya koma wa bindigar toka ɗungurungum. Duk wanda ya taso a garin maharba ya san mai yatsu uku ko mai ido ɗaya da bindiga ta fashe a hannunsa. Dabbar ma ba ta tsira ba: harsashi marar ƙarfi raunata ta yake yi, ta shige ƙurmi ta mutu a banza. Wanda ya gaji da wannan wahala sai ya koma tarkon waya, ko guba a bakin ruwa, ko cinna wa daji wuta don ya kama gafiya. Tarko bai san mai ciki ba, guba ba ta bambanta gada da saniyar Bafulatani.

Sai kuma maganar tsaro, inda abin ya fi ba ni haushi. Mutanen nan da ba a yarda su sayi harsashi a fili ba, su ake bugo wa waya da tsakar dare idan an ɗauke mutum. Maharba ne suka taimaka aka ƙwato Mubi daga Boko Haram a 2014. Marigayi Ali Kwara na Azare, wanda ya rasu a 2020, da farautar ɓarayi ya yi suna, tare da jami'an tsaro yake shiga daji. A dazukan da suka haɗa Bauchi da Filato da Taraba, maharbi ne ya san hanya da mashaya. A watan Mayun 2025 'yan bindiga suka yi wa maharba da 'yan banga kwanton ɓauna a yankin Mansur da ke Alƙaleri, aka yi asarar rayuka da dama. Ɗan bindiga yana riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ke kaiwa ɗaruruwan mitoci. Bindigar farauta in ta wuce mita 50 ta fara zama tsoratarwa. Harsashin waɗannan bindigogi biyu ba iri ɗaya ba ne, hanyar shigowarsu ma ba lallai ta zama ɗaya ba. Matse na maharbi bai rage wa ɗan ta'adda ko guda ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zancen banza ba ne. Yankari tana nan, tun 1956 aka keɓe ta, kuma 'yan giwayen da suka rage a cikinta suna cikin na ƙarshe a ƙasar nan. Ga gandun dajin Lame-Burra, ga na Sumu. Harsashi mai araha a hannun kowa zai ƙarasa abin da ya saura. Haka kuma ba kowane mai layu a damtse ne mutumin kirki ba. An ga 'yan banga da suka zama alƙalai, suka kashe mutum a kan zargi ko tsohuwar gaba. Duk na yarda. Tambayata ita ce, yanzu da aka rufe ƙofa, an daina? Mai satar shiga Yankari yana samun harsashinsa, don naman da zai sayar ya biya tsadar. Wanda aka kora shi ne mai jin tsoron hukuma.

Ba cewa nake a zuba harsashi a tire kamar goro ba. Ƙofa ƙarama nake nema, mai maigadi da littafi. A tantance maharba ta hannun sarkin baka da hakimi da DPO, domin a ƙauye an san kowa da ubansa. Wanda ya tsallake a ba shi kati mai hoto. A sayar masa da adadi ƙayyadadde a ma'ajiyar makamai ta hukuma, kuma kada a ba shi sabo sai ya dawo da kwanson da ya harba. Kowane kwali da lambarsa, ta yadda in an tsinci kwanso a bakin gawar giwa ko ta mutum za a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wanda aka kama da laifi a soke katinsa, sarkin bakan da ya tsaya masa ya amsa tambaya.

Kayan ma ba dole sai an jira jirgin ruwa ba. Masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, DICON, tana Kaduna tun 1964, kuma sabuwar dokarta ta 2023 ta buɗe mata hanyar haɗa gwiwa da 'yan kasuwa. Masana'antar da ke ƙera harsashin soja ba za ta gagara cika kwanson farauta da naira ba.

Gwamna ba shi da ikon ba da lasisin irin wannan bindiga, wannan na Abuja ne. Amma yana da kujera a majalisar kula da 'yan sanda ta ƙasa, yana da 'yan majalisar tarayya daga jiharsa, kuma rajistar maharba da katin shaida ba sa buƙatar izinin kowa. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano hutun Sallah, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kashe su. Ba na cewa kati zai tsayar da taron da ya riga ya haukace. Amma jihar da ke tura mutum daji a madadinta, mafi ƙarancin abin da yake bin ta shi ne takardar da ke cewa nata ne, da wurin da zai sayi harsashi da rana tsaka.